Rabin Akushi a Ƙarƙashin Zana

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar surukina ta zo da hantsin wata Talata a ƙarshen bazara, kwana kaɗan kafin ruwan farko. Mutanen Jibiya sun san shi da Tafinta. Ni Baba nake ce masa, domin uban matata ne, kuma har in koma ga Allah bakina ba zai kama sunansa ba.

An zo jana'iza fiye da yadda na zata, ban kuma ce ƙauna ce ta kawo kowa ba. Liman ya yi abin da ya wajaba a kansa, bai rage ba, bai ƙara ba. A hanyar dawowa daga maƙabarta na ji wani mahauci yana ce wa abokin tafiyarsa, "Allah shi jiƙan shi. Amma dai bakin nan nashi ya ja muna." Abokin ya ce, "Bari dai, ya tahi inda ba a neman tahinta." Suka fara dariya ƙasa-ƙasa, da suka hango ni sai suka mai da ita tari.

Ƙanwarsa ta taso daga Gangara a ƙafa, ta iso an riga an rufe shi. Ta zube a ƙofar gida tana kuka tana cewa, "Shekara da shekaru muna roƙon Allah shi maido muna shi. Da ya maido shi, muka bar shi shi ɗai." 'Ya'yan wansa, waɗanda gidajensu suka faɗa ɓangaren Faransa, an tsare su a bakin iyaka har azahar saboda ba su da takardar wucewa, sai a can suka yi masa addu'a a tsaye. Bafulatanar da ke kawo masa nono kuwa ta sauke ƙwaryarta, ta daɗe tana kallon akuyarsa da ke ɗaure a turke, sannan ta tambaye ni, "To yanzu wa za shi riƙa yi ma wagga hira?"

Ranar sadakar uku matata ta yi tuwo, cikin ruɗewa ta zuba wani a akushin mahaifinta aka fito da shi waje. Ina zaune ina kallo maƙwabta suka kewaye shi, maƙerin unguwarmu a gaba, hannuwa suna shiga suna fita. Shekara goma sha ɗaya akushin nan yana fitowa ƙofar gida kowace magariba, babu hannun ɗayansu da ya taɓa shiga. Raina ya ɓaci har na ji kamar in tashi in kife shi. Abin da ya zaunar da ni shi ne na san nawa hannun bai fi nasu ba. Sau ɗaya tak ya shiga akushin nan, shi ma a makare. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, don kada a ce Tafinta ya zo ya wuce ba wanda ya san irin zaman da ya yi a cikinmu.

Tun yana saurayi ya bi fataken goro ya yi kudu, bai dawo tare da su ba. Ya sauka bakin babban kogi, ya yi dako, ya yi tuƙin jirgi, ya yi wa Turawa girki. A nan Turanci ya shiga bakinsa. Bai iya karanta shi ba, ko harafi ɗaya, a kunne ya ɗauka kuma a baki ya riƙe. Ya yi aure can, matar ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya. Da Turawan Ingila da na Faransa suka taso auna ƙasa suna kafa ginshiƙan iyaka, aka nemi wanda ya san arewa kuma yana jin maganarsu, sai aka ɗauko shi. Haka ya dawo garinsu bayan fiye da shekara ashirin, da furfura a gemu da yarinya a hannu, yana tafe a bayan Bature.

Layin da aka ja ya bar rijiyar unguwarmu a wannan ɓangare, ya jefa gonakinmu na fadama hannun Faransa. Mai son nomansa sai dai ya ƙaura can ko ya haƙura. Mutane ba su ji abin da Turawa suka ce ba, muryar Tafinta suka ji, don haka a wurinsu shi ya raba su da fadama. Daga baya ya gaya mini kwana uku ya yi yana roƙo kafin a karkata layin a bar mana rijiya. Na yarda da shi. Amma ba wanda ya taɓa tambayarsa, shi kuma ba mai bin mutane yana wanke kansa ba ne.

A garinmu namiji ba ya cin abincin dare a cikin gida. Ana idar da magariba kowa zai fito da akushinsa, a taru a ƙofar dattijon unguwa, a ci na wannan a koma na wancan. Ciyayya ke nan, kuma da ita ake sanin wanda ke cikin mutane. Ƙofar gidan su Baba ce matattara tun zamanin mahaifinsa, saboda durumin da ke wurin. Bayan an kafa ginshiƙai ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ce masa kanzil. Wata magariba dai ya fito da akushinsa ya tarar an ɗauke tabarmar an kai ta ƙofar maƙeri, gida huɗu daga nasa. Ya duba, ya gane, ya koma ya ɗauko tasa tabarmar ya shimfiɗa a gindin durumi. Tun daga ranar a nan yake ci shi kaɗai, yana jin hirarsu suna jin tarinsa. Bai taɓa shigar da akushin cikin gida ba. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai ci a ɓoye.

Da wani ne, da ya tsani Turancin da ya jawo masa haka. Shi kuwa sai ya tafi wurin mai gari ya ce a ba shi mutum ɗaya daga kowane gida ya koya masa, kyauta. Hujjarsa ɗaya ce, na kuma ji ta a bakinsa ba sau ɗaya ba: "Ba ni na ja layin ba, amma ni ɗai na ji abin da ake hwaɗi sa'ad da ake jan shi. Da mu goma ne, da an yi gardama." Mai gari ya ce to, za a duba. Baba ya dawo yana huci, don babu abin da ya tsana kamar a ce masa to ba a gane ba. Yakan ce dattawanmu sun yi ta ce wa Bature to, to, to, har fadama ta tafi.

Ba wanda ya zo. Duk da haka kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarmi uku a tsakar gidansa, ya ajiye burgaminsa, jakar fatar akuya, a gefe, ya zauna jira. Idan rana ta yi sanyi ya naɗe su. Da ya ji kalmomi sun fara zille masa don rashin abokin magana, sai ya koma yi wa akuyarsa Turanci. Yana gaishe ta da safe, yana yi mata faɗa idan ta ci shanya, yana ba ta labarin kogi. Mata masu zuwa rijiya suka ji ta bayan danga, kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka Tafinta yana hira da aljanu.

Ni a lokacin ɗan fatauci ne mai jakai huɗu, ina ɗauko kanwa da gishiri daga arewa in kai Katsina, in komo da tufafi. Na ga 'yarsa, na so ta, na aure ta, duk da yayana ya ce in nemi gidan da ba a nuna shi da baki. Gidana yana bayan nasa, danga ɗaya ta raba mu, matata ke yi masa girki tana miƙawa ta wata 'yar kafa. Tsakanina da shi kuwa sai abin da al'ada ta yarda: idan na hango shi in tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa, in wuce. Suruki ba ya zama tabarma ɗaya da surukinsa, ba ya kallon idonsa, balle ya ci abinci a gabansa. Kowace magariba haka nake fitowa da akushina, in durƙusa a gindin durumi in ce, "Barka da yamma, Baba," ya ce, "Barka kadai, Madugu," in tashi in wuce ƙofar maƙeri. Madugu yake ce mini don tsiya, wai mai ayarin jakai huɗu.

Abin da ya kai ni tabarmarsa asara ce. Wata damina aka tsare mini kaya a rumfar masu duba kaya ta bakin iyaka. Akawun wurin mutumin bakin teku ne, ba ya jin Hausa, masinjan da ke fassara masa kuma ya tafi ganin gida. Akawu yana magana ina cewa to, yana ƙara ɗaga murya ina ƙara cewa to. Ashe cewa yake in kwashe kayana in shigar da su rumfa kafin hadari ya iso, ni kuwa na ɗauka an hana ni taɓa su. Ina tsaye ina kallo ruwa ya sauko, gishirin jaki huɗu ya narke ya bi ƙasa. Na dawo gida da buhunan tabarma jiƙaƙƙu. Matata ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malam, mai maganin abin ga shina bayan dangarka shina koya ma akuya."

Na ce mata yaya za a yi in zauna gaban Baba ina buɗe baki. Ta ce ita dai ta faɗa. Kwana biyu bayan haka ta dawo daga kai abinci ta ce Baba ya ce in zo bayan la'asar, ba zan gan shi ba. Na shiga ta 'yar kafar nan na tarar ya kafa sanda biyu a tsakar gida ya ɗaura zana a tsakani, tabarma ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Daga bayan zanar ya ce, "Zamna, Madugu. Surukinka ya hita. Wanga da ke nan malami ne, kuma ba shi da kunya."

Haka muka fara. Sai in ga hannu ya ɓullo ta saman zana riƙe da allura, murya ta faɗi sunanta da Turanci, in maimaita. Hannun ya koma burgami ya fito da igiya, da ludayi, da ƙaho, da ɗan gishiri a tsumma. Gishirin kam ya fi kowane fitowa, don ya san inda ke yi mini ciwo. Bayan kwana goma ya ce shi ya gaji, yaya zai gyara bakin da bai gani ba. Ya sa wuƙa ya yanke zanar daidai bakina, faɗin tafin hannu. Daga nan shi yana ganin leɓɓana da haƙorana, ni ina ganin gemunsa yana motsi. Matata ta leƙo ta ga gemu da baki suna fuskantar juna ta rami, ta koma gida da gudu tana toshe dariya da zane.

Da kayan burgami suka ƙare sai ya ce shi ne akawu, ni ne mai jakai. Ya yi ta daka mini tsawa da Turanci, idan na kuskura na ce to sai ya buga zanar da sanda. "Ka gane?" In ce a'a. "To mi ya sa ka amsa? Ce mashi shi sake hwaɗi. Ba a kashe mutum don ya ce a maimaita." Bayan wata biyu ya juya abin, wai ni ne akawu, in daka masa tsawa. Ranar na yi gumi har rigata ta manne. Na buɗe baki muryata ta fito kamar ta mai roƙon gafara, ya ce wannan akawun ko kaza ba zai tsare ba. Sai da na yi ihu har akuya ta tsinke igiya sannan ya ce yau an yi karatu.

Shekara uku muna haka duk lokacin da nake gari. Abin mamaki, da Hausa ban taɓa wuce gaisuwa da shi ba, amma da Turanci har musu muke yi. Na taɓa ce masa mai taurin kai, ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ba ni labarin matarsa, yadda take raira waƙa tana wanke kifi, da yadda ya haƙa kabarinta da hannunsa don ba shi da kowa a garin. Babu surukin da zai gaya wa mijin 'yarsa irin wannan da harshenmu. Idan na dawo daga tafiya nakan ji muryarsa tana rawa a gaisuwar farko, sai ya waske ya ce bakina ya yi tsatsa. Ana kiran magariba kuma sai malami ya tafi suruki ya dawo. In zagaya gidana in ɗauki akushi, in same shi a gindin durumi, in durƙusa in wuce.

A cikin shekarun nan ne aka kama ƙanen maƙeri a bakin iyaka da ƙarafa a buhu, aka ce kayan bindiga ne. Ƙarfen garma ne da na lauje. Maƙeri ya rasa inda zai sa kansa, bai kuma iya zuwa roƙo ba. Baba ya ji koke-koken mata, bai jira an aiko ba, ya ɗauki sandarsa ya taka har rumfar da gwiwarsa mai ciwo. Ya zazzage buhun gaban Bature yana ɗaga kowane ƙarfe yana faɗin aikinsa, kamar yadda yake yi mini da burgami. Kafin la'asar ya dawo da mutumin. Da magariba matar maƙeri ta kawo tuwo da miyar nama har gindin durumi, ta ce maigida na godiya. Baba ya buɗe ya duba, ya dubi ƙofar maƙeri inda ake ta ci, ya ce, "Tuwo ya zo. Mai tuwon hwa?" Matar ta sunkuyar da kai. Ya ci loma biyu don kada a ce ya raina, ya sa aka mayar da kwanon.

Saɓaninmu ɗaya ne, kuma a kansa nake wannan rubutu. Wata rana karatu ya yi daɗi har rana ta kusa faɗuwa, matata ta kawo abincinsa ta ajiye ta fita. Sai na ji ana jan abu a ƙasa. Na duba, ga akushi ya shigo ta ƙarƙashin zana, rabi a wajena rabi a wajensa. Tuwon gero ne da miyar kuka, yana tururi. Ya ce da Turanci in wanke hannu mu ci. Ban miƙa hannu ba. Ya sake faɗa a hankali, kamar yadda yake yi idan ya ga ban gane ba. Na gane sarai. A karo na farko tun da bakina ya kama Turanci na amsa masa da Hausa, na ce, "Baba, a yi mani aikin gahwara."

Shi ma ya dawo Hausa. "Jiya ka ce mani mai taurin kai. Shekaranjiya ka daka mani tsawa. Duk ba ka ji kunya ba, sai ga tuwo?" Na ce al'ada ce. Ya ce, "Ba ka ganina, ba ni ganinka. Wace al'ada ta rage?" Na ga akushin yana komawa a hankali har ya ɓace. Ya ce, "Tashi ka tahi, kada su cinye ba kai."

Na fake da kunya, kuma akwai kunyar. Amma ba ita kaɗai ba ce. Yayana ya riga ya ja mini kunne cewa koyon Turanci an ɗauke mini kai don sana'a ce, amma ranar da aka ji hannuna ya shiga akushin Tafinta, in nemi inda zan riƙa ci. A unguwarmu kuwa ba a ɓoye irin wannan, danga tana da ido. Na ga yadda zaman gindin durumi yake, ina wuce shi kullum, kuma na ji tsoronsa. Tsoro ne ya hana ni, Baba kuma ya san haka, shi ya sa ya ce kada su cinye ba ni.

Kwana tara ba a shimfiɗa tabarma ba. Ran na goma matata ta ce malami ya dawo. Muka ci gaba kamar ba a yi ba, ya ma fi da wasa. Bai sake turo akushi ba, ni kuma ban taɓa tayar da maganar ba. Turancina ya yi ƙarfi har akawu yakan kira ni in fassara wa wasu fatake, jakaina suka zama tara. Duk wanda ya yaba mini sai in ji daɗi, in manta wanda ke ci shi kaɗai gida huɗu daga inda nake tanɗe hannu. Shekara biyu suka wuce a haka.

Bazarar bana ciwo ya kwantar da shi. Ɗaki ya yi zafi, aka fito da shi tsakar gida aka kwantar a inuwa, jikin zanar karatu. Ina zuwa bayan la'asar in zauna a gefena, ya yi mini 'yan kalmomi ya gaji. Ranar Litinin da azahar matata ta same ni ina gyaran mangalar jaki, idonta jawur. Ta ce, "Kwana huɗu ke nan bai ci ba. Na yi kunu, na yi hura, ya ce komi ɗanɗanon ƙasa gare shi. Malam, ban taɓa roƙonka komi a kan Baba ba." Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma bukatar ƙarasawa.

Na ce ta tuƙa tuwo mai laushi ta zuba a akushinsa. Na wanke hannu, na ɗauka da kaina, na bi ta ƙofar gida, ba ta kafar danga ba, maƙeri yana zaune a bakin maƙerarsa yana kallona. Na shiga na fara kwance igiyar zanar. Murya ta fito daga ƙasa, siririya, da Hausa: "Bar ta, ɗana. In ka gan ni yadda na koma, ba ka iya ci." Bai taɓa ce mini ɗana ba sai ranar.

Na mayar da igiyar na ɗaure. Na zauna a tabarmata, na tura akushin ƙarƙashin zana, rabi a wajena rabi a wajensa. Na faɗa masa da Turanci abin da ya faɗa mini shekara biyu da suka wuce, kalma bayan kalma. Na ji yana ƙoƙarin juyowa, na ji numfashinsa. Ya ce bakina ya gyaru, amma har yanzu ina sauri. Sannan ya yi bisimilla.

Na ci. Ina jin motsin hannunsa a cikin akushin, sau ɗaya ma yatsunmu suka haɗu a tsakiya, nasa da sanyi, ba wanda ya janye da sauri. Yana tambayata ko miyar ta ji gishiri, ko jakin nan mai ɗingishi ya warke, ina amsawa da loma a baki. Na yi murna har cikin raina, na ce a zuciyata ga shi yana ci, gobe ma zan zo, jibi ma, kowa ya ce abin da zai ce. Na cinye rabina tas. Ya yi hamdala, ya ce ya daɗe bai ƙoshi irin na yau ba, in tafi zai ɗan runtsa.

Na janyo akushin in kai wa matata. Rabinsa yana nan yadda aka zuba shi. Babu loma ɗaya da ta fita, sai gurbin yatsu huɗu a gefen tuwon, inda ya ajiye hannunsa ya bar shi har na gama. Maƙogwaronsa ya riga ya daina karɓar abinci tun kwanaki, shi ya sani, mu ne ba mu sani ba. Washegari da hantsi ya cika.

Bayan sadakar uku na karɓi akushin na wanke shi da kaina. Ban koma ƙofar maƙeri ba, ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya aiko kirana. A gindin durumi nake ci yanzu. Bayan la'asar ina shimfiɗa tabarmi uku in ajiye burgami, har yau ba wanda ya zo, akuyar ma an kai ta Gangara. A duk Jibiya ni kaɗai na rage mai wannan harshe, kuma na fara jin wasu kalmomin suna zille mini. Zanar tana nan a ɗaure da raminta, matata ta ce a kwance, na ce a bari tukuna.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya yafe mana abin da muka yi masa, mu da muka yi da gangan da mu da muka yi don tsoro. Allah ya haskaka kabarinsa, ya zaunar da shi cikin jama'a, inda idan an ajiye akushi ba a barin mutum ya ci shi kaɗai.